"For no reason" ko "without reason": wanne za a rubuta?

Malam, ka tambaya wanne ne daidai idan za a ce mutum ya yi abu haka kawai: "for no reason" ko "without reason". Duka biyun Turanci ne mai kyau, sai dai kowanne da inda ya fi zama.

"For no reason" shi ne na hirar yau da kullum. Yaro ya fashe da kuka ba wanda ya taɓa shi, sai a ce "He started crying for no reason." Da shi za ka yi magana, da shi za ka rubuta saƙo a WhatsApp, kuma ko a jarrabawa ba wanda zai ce ka yi kuskure.

"Without reason" kuwa ya fi nauyi, a rubuce aka fi cin karo da shi. Yana da wata ma'ana ta biyu da ya kamata a kiyaye, domin "reason" na nufin hankali ma. Idan ka ce "He acted without reason", mai karatu na iya ɗauka cewa mutumin bai yi aiki da hankali ba, alhali kai dalili kake nufi. Inda ya fi armashi shi ne tare da "not": "She complained, not without reason", wato ta yi ƙorafi, kuma tana da hujja.

Abin da ya fi damuna shi ne na ukun da ba ka ambata ba, "for no any reason", wanda ya cika bakin ɗalibanmu. Tunanin "babu wani dalili" ne ke jawo shi, sai a jera "no" da "any" wuri guda. Ba sa haɗuwa a nan. Ko dai "for no reason", ko "without any reason". Haka "without no reason" ma kuskure ne, an yi korewa sau biyu. Mai duba takardar WAEC ko NECO zai ja masa layi.

In takardar ƙorafi za ka kai ofis, ka yi hattara. "For no reason" zargi ne kai tsaye. "For no apparent reason" na nufin kai dai ba ka ga dalilin ba, ka bar wa wancan ɓangaren damar yin bayani. "For no good reason" kuma, an ba da dalili amma bai gamsar ba. Idan batun sallama daga aiki ne, lauyoyi "without cause" suke rubutawa.