Gudun fanfalaki a Berlin: tsakanin Jamus da Ingila, wa ya fi iya hidima?

Assalamu alaikum Yaya,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya, da Hajiya da yara baki ɗaya. Na ga saƙonka kana tambaya ko da gaske ne na yanki tikitin jirgi daga Landan zuwa Jamus don kawai in yi gudu, alhali ba wanda ya biyo ni. Da gaske ne. Tunda kuma ka ce in faɗa maka yadda kaya da hidimomi suke a can idan aka gwada da nan Ingila inda nake zaune, to sai ka gyara zama, don maganar da ɗan tsawo.

Abin da na lura da shi shi ne, a Berlin manyan abubuwa suna da sauƙi, ƙananan ne ke kama baƙo. Jirgi, hanya, tsarin gasar kanta, duk sumul. Amma ruwan sha, banɗaki, ƙwayar ciwon kai, sayayyar ranar Lahadi, a nan ake yi wa mutum kwanton ɓauna. A Landan kuwa kusan akasin haka ne: ƙananan buƙatu suna bakin ƙofarka dare da rana, manyan ne ke tatse aljihu.

Bari in fara da gasar, tunda ita ma haja ce da ake saye. Tsawonta kilomita 42 da mita 195, ana yin ta tun 1974, galibi a Lahadin ƙarshe ta Satumba. Garin shimfiɗe yake, babu tudu babu gangare na a-zo-a-gani, ga sanyi daidai jiki, shi ya sa zakarun duniya ke rububinta. A nan Haile Gebrselassie na Habasha ya yi awa 2 da minti 3 da daƙiƙa 59 a 2008. A nan Eliud Kipchoge na Kenya ya kafa tarihi a 2018, ya dawo a 2022 ya karya abinsa da awa 2 da minti 1 da daƙiƙa 9. Irinmu kuwa, lokacin da suke wanka su ci abinci, muna tsakiyar hanya. Shiga ba da kuɗi kaɗai ba ne, galibi sai an jefa ƙuri'a sunanka ya fito. Duk da haka ta fi ta Landan samuwa, don sama da mutum 840,000 ne suka nemi gurbi a gasar Landan ta 2025. Kuɗin rajistar Berlin ya kai wajen Yuro 200, kuma rigar gasar ba ta ciki, sai ka sake zaro kuɗi idan kana so. Wannan ya ɗan tsaya mini a rai, amma da na ga an rufe manyan titunan babban birnin ƙasa sukutum saboda mu, ga motocin asibiti, ga dubban masu aikin sa-kai, sai na haƙura.

Mai fasfo irin namu, ko da yana da takardar zama a Birtaniya, sai ya nemi bizar Shengen, wato ta shiga Jamus da wasu ƙasashen Turai: Yuro 90, da inshorar lafiya da za ta ɗauki nauyin aƙalla Yuro 30,000. Filogin caja ma ba ɗaya ba ne, na Ingila ƙafa uku, na Jamus biyu zagayayyu.

Jirgin cikin gari shi ne abin da ya fara ba ni mamaki. A Landan ba ka isa bakin jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ka ɗora kati a kan na'ura ƙofa ta buɗe. A Berlin babu ƙofa, babu shinge, babu mai gadi. Daga titi ka sauka matakala, sai ga ka a gaban jirgi. An yarda da kai ke nan. Sai dai idan tikitin takarda ka saya, dole ka zura shi cikin wani ɗan akwati a bakin dandamali ya buga masa lokaci, in ba haka ba sunansa babu. Masu bincike kuma ba lallai su sa kayan aiki ba. Na ga wasu biyu cikin wandon jins sun shigo kamar kowa, ƙofa na rufewa suka fito da katin shaida. Wata baƙuwa da tikitinta a hannu amma ba ta buga ba, ta yi bayani har ta gaji, aka rubuta mata tarar Yuro 60. An raba garin shiyya uku, A da B da C, filin jirgin sama yana C, don haka tikitin tsakiyar gari ba ya kai ka. Shi filin jirgin, wanda aka buɗe a Oktoban 2020, ya makara da shekara tara, saboda haka duk wanda ya ce maka Jamusawa ba sa saɓa lokaci, ka yi murmushi kawai. A farashi dai sufurin Berlin ya fi na Landan rangwame nesa ba kusa ba, kuma daren Juma'a da na Asabar jiragen ƙarƙashin ƙasa ba sa kwana.

Ranar Juma'a na yi salla a masallacin Şehitlik na Turkawa, gini irin na Daular Usmaniyya mai hasumiya biyu, da tsohuwar maƙabarta a harabarsa. Yana jikin tsohon filin jirgin sama na Tempelhof, inda muka karɓi lambar ƙirji. Ba wanda zai karɓar maka, sai ka zo da kanka da fasfo, a ɗaura maka wani ƙyalle a wuyan hannu da ba ya kwancewa sai an yanke. Filin nan shi ne wanda jiragen Amurka suka riƙa sauke abinci da gawayi a cikinsa a 1948 zuwa 1949, lokacin da Tarayyar Sobiyet ta toshe hanyoyin shiga yammacin birnin. An rufe shi a 2008, kuma da aka so gina gidaje a gefensa, mutanen gari suka ƙi a ƙuri'ar raba-gardama ta 2014. Yanzu yara ne ke tuƙa keke a kan titin tashin jirgi. A cikin rumfunan jiragen kuwa kasuwa ce ta kayan gudu, takalma jere har ido ya gaji. Ban saya ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, sabon takalmi a kilomita 30 wuƙa yake komawa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Gasar ranar Lahadi ce, kuma ranar Lahadi a Jamus doka ta rufe kantuna. Ba taƙaita lokaci ba irin na Ingila, inda manyan kantuna ke buɗewa na awa shida, a'a, rufewa ruf. Sai gidajen abinci, da masu burodi da safe, da 'yan kantunan da ke cikin manyan tashoshin jirgi, waɗanda layinsu ke fitowa har waje. Mai gudu kuwa yana buƙatar ayabarsa da burodinsa da zumarsa tun da asuba, sannan wani abu da zai tarar a ɗaki idan ya dawo yana jan ƙafa. Don haka yammacin Asabar kantin da na shiga cike yake da masu ƙyalle a wuyan hannu, kowa da kwandon ayaba da taliya. Kayan abinci a kantunan rangwame na Jamus sun ɗan fi na Ingila araha, burodinsu kuma ba a haɗa shi da namu na leda ba, mai nauyi ne, yana riƙe ciki. Amma mai karɓar kuɗi ba ta jiran kowa. Kafin ka buɗe jakarka ta gama wuce da kayanka ta na'ura, ta faɗi kuɗi, na bayanka ya matso. Ba hira, ba tambayar ya yini. Ba wulaƙanci ba ne, haka suke yi wa kowa.

Maganar ruwa ita kaɗai ta isa wasiƙa. A Ingila duk gidan abincin da ke da lasisin sayar da barasa wajibi ne ya ba ka ruwan famfo kyauta idan ka nema. A Berlin ka ce a kawo ruwa, za a kawo na kwalba, da kuɗinsa, kuma sau da yawa mai gas ne sai ka ce ba shi kake so ba. Alhali ruwan famfon garin lafiyayye ne, shi na riƙa ɗurawa a gora. Kowace robar ruwa ko gwangwanin lemo da ka saya, galibi ana ɗora maka santi 25 a kan farashi. Idan ka shanye ka mayar da robar cikin wata na'ura a bakin kanti, ta juya ta, ta karanta lambarta, ta tofo maka rasidi ka karɓi kuɗinka. Wanda ba ya son wahalar ba ya jefa robar cikin kwandon shara, sai ya ajiye a gindinsa, don akwai masu bi suna tsinta kamar 'yan jari-bola, kuma ba a so su tsoma hannu cikin ƙazanta. Wannan ɗabi'a ta burge ni ƙwarai.

Banɗaki a tasha ko babban kanti, da kuɗi, daga santi 50 zuwa Yuro ɗaya ko fiye. Ka tuna mai shirin gudu yini yake yana shan ruwa, ka yi lissafi da kanka. Tsabar kuɗi kuma har yanzu da darajarta. A Landan nakan yi wata ban taɓa takardar fam ba, a Berlin kuwa ƙananan wuraren cin abinci da yawa sai su nuna maka rubutu a jikin gilashi cewa ba sa karɓar kati. Sai magani: a Ingila farasitamol yana kan kanta a kowane kanti, ƙwaya 16 ƙasa da fam ɗaya. A Jamus kemis kaɗai ke sayar da shi, ya fi tsada, kuma ranar Lahadi sai ka nemo kemis ɗin da ke kan aiki a unguwar. Ladan abin shi ne wanda zai miƙo maka masanin magani ne, zai tambaye ka me ke damunka da abin da kake sha.

Abinci na halal bai ba ni wahala ba ko kaɗan. Unguwannin Kreuzberg da Neukölln cike suke da Turkawa da Larabawa, titin Sonnenallee kuwa rubutun Larabci ne a kan shaguna daga farko har inda ƙafa ta gaji. Gasasshen naman nan na Turkawa da ake yankowa a cusa cikin burodi da ganye, wanda suke kira döner, ya fi na Landan daɗi da yawa da araha.

Ranar gudun, an tashe mu daga tsakiyar dajin shaƙatawa na Tiergarten, rukuni-rukuni. An ja shuɗin layi a kan kwalta mai nuna hanya mafi gajarta. A wuraren shan ruwa kofin roba ake miƙowa, ba ƙaramar gora kamar a Landan ba, kuma sha daga kofi kana gudu wata sana'a ce, rabi a baki rabi a hanci. Ƙasa duk kofuna, ƙararsu ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin dubban takalma, ga santsi. Amma sun yi abin da ban taɓa gani ba: bayan ayaba da tuffa, akwai shayi mai ɗumi da sukari. Wajen kilomita 30, lokacin da cikina ya ƙi duk wani abu mai sanyi, shayin nan ne ya tsayar da ni. A ƙarshe za ka hango Ƙofar Brandenburg, wadda masu gudu suka fara ratsawa a 1990, kwana uku kafin haɗewar Jamus biyu. Da yawa sukan ɗaga hannu a ƙarƙashinta suna zaton an gama, alhali da sauran 'yan ɗaruruwan mita a gaba. Bayan an rataya maka lambar yabo, akwai teburin giya marar sa maye da ake rabawa kyauta. Na wuce abina na nemi ruwa.

Yawon buɗe ido da ƙafafun da suka yi kilomita 42 sai da dabara. Bas mai lamba 100 yana bi ta gaban yawancin wuraren tarihi da tikitin gari na yau da kullum, ba sai ka biya motar 'yan yawon buɗe ido ba. Hawa ƙubbar gilashi ta majalisar dokoki kyauta ne, amma sai ka yi rajista tun da wuri ta intanet. Ragowar katangar Berlin, wadda ta raba garin daga 1961 zuwa 1989, tana nan a bakin kogi, wajen kilomita 1.3 da masu zane suka ƙawata. Gidajen tarihi kuwa, a nan Landan ta yi musu fintinkau: manyan nata kyauta ake shiga, na Tsibirin Gidajen Tarihi a Berlin da kuɗi, kuma da yawansu ba sa buɗewa ranar Litinin, wato ranar da mai gudu ya samu sukuni.

Wurin da na fi daɗewa a tsaye ba a biyan ko santi. A titin Wilhelmstraße akwai wani allo a gefen hanya, kusa da inda fadar tsohon shugaban gwamnatin Jamus, Bismarck, take a da. A can ne wakilan ƙasashe 14 suka zauna daga Nuwamban 1884 zuwa Fabrairun 1885 suka tsara ƙa'idojin mamaye Afirka, babu ɗan Afirka ko ɗaya a teburin. Ginin ya shuɗe, gidajen kwana ne a wurin yanzu, mutane na wucewa da ledar cefane. Ba nisa daga nan akwai gidan tarihi na Humboldt Forum, inda ake nuna wasu daga kayan tagullar Benin da sojojin Birtaniya suka kwashe a 1897. Jamus ta miƙa wa Najeriya mallakarsu a 2022, waɗanda suka rage a Berlin aro ne. Gidan tarihin Birtaniya da nake yaba wa shigarsa kyauta yana riƙe da wajen 900, kuma har yau bai saki ba.

Lambar yabon tana nan, zan ba wa mai tahowa ya kawo wa Hajiya ta gani, don na san ba za ta yarda da hoto ba. A gaida kowa da kowa.

Naka ƙaninka.