Lesin ɗin fiziks na Agege, ga abin da na gani

Jama'a masu tambayata kan lesin ɗin nan na wajen Pen Cinema da na sa ƙanina saboda WAEC da JAMB, to ni dai na ce ku kai yaranku, kuma malamin fiziks ɗinsu ne dalilina.

Akwai wani darasi da yara ke haddacewa kawai ba su san kansa ba, wato layin ikwifotenshal, layin da duk wuraren da ke kansa bolt ɗinsu ɗaya ne, inda ake ce musu in ka matsar da caji a kan layin to aikin da aka yi sifili ne. Ranar da na leƙa shi ake yi. Malam bai fara da allo ba, tire ya kawo ya zuba ruwa ɗan kaɗan, ya sa fallen ƙarfe biyu suna fuskantar juna tazarar santimita 9, ya haɗa su da batir mai bolt 9, sai ya miƙa wa wata yarinya mita irin ta masu gyaran rediyo. Ya ce ta kafa tsinke ɗaya a tsakiya ta riƙa yawo da ɗayan har sai mita ta nuna 0. Duk inda ta samu sai a ɗiga alama, kafin ka ce me ɗigon sun jeru sun yi layi miƙaƙƙe daidai da ƙarafan. Da ta tsallaka layin kuwa lamba ta fara hawa, kusan bolt 1 a kowace santimita, ka ga bolt 100 a tsawon mita ɗaya ke nan.

Sai a lokacin ya rubuta W = qV, W aiki ne q kuma caji, ya ce V ɗin nan bambancin bolt ne tsakanin wuri biyu, in babu bambanci babu aiki ko da cajin ya yi ta zagaye. In kuma caji kulom 2 ya tsallake bolt 3 to aikin jul 6 ne, ta miƙe ya bi ko ta karkace duk ɗaya. Wani yaro ya ce Malam me ya sa dole filin lantarki ya ratsa layin a digiri 90? Ya ce masa to da a karkace yake ai da wani ɓangarensa ya tura cajin a kan layin, kuma da mita ba ta nuna 0 ba. Wallahi amsar nan ta burge ni.

Inda suka gaza kuma zan faɗa. Ajin ya cika maƙil, ga zafi, in an ɗauke wuta janareta ba ya barin na baya su ji komai, mita kuma ɗaya ce tal don haka yawancin yaran kallo kawai suke. Sannan ba sa yawan bin tsoffin tambayoyin JAMB, wannan sai ka sayo wa yaronka ya yi a gida. Kuɗin dai ba laifi, amma ku ce masa ya riƙa zuwa da wuri don ya samu bencin gaba.