Asibitin Apollo na Delhi: hannu mai kyau, amma sai da takardu

Dakta Prathap Reddy ya buɗe asibitin Apollo na farko a birnin Chennai na Indiya a 1983 da gado 150. Yau rassansa sun haura 70. Wanda masu neman magani daga Kano da Abuja da Yamai suka fi jin sunansa shi ne Indraprastha Apollo, da ke Sarita Vihar a kudancin Delhi, wanda aka buɗe a 1996, yana da gado wajen 700. A nan aka yi dashen hanta ga yaro na farko da ya yi nasara a Indiya a 1998, kuma shi ne asibitin farko a ƙasar da hukumar JCI ta Amurka ta ba shaidar inganci, a 2005.

Ƙarfinsa yana wajen manyan ayyuka: dashen ƙoda da hanta, tiyatar zuciya, ciwon daji, sauyin gwiwa da ƙugu. Gwaji, hoto da ganin ƙwararre duk a gini ɗaya suke, abin da kan ci makonni a gida a gama shi cikin kwanaki. Akwai ofishin baƙi da tafintoci. Amma mai ciwon suga ko hawan jini da bai tsananta ba, kuɗin jirgi kawai zai ƙona.

Inda tafiya ke lalacewa ba ɗakin tiyata ba ne, takardu ne. A fara aika sakamakon gwaje-gwaje ta imel. Su dawo da ra'ayin likita, ƙiyasin kuɗi da wasiƙar gayyata, da ita ake neman bizar jinya. Masu rakiya biyu kaɗai ake ba biza. Katin rigakafin shawara wajibi ne, kuma sai allurar ta kwana 10 kafin ya fara aiki. Wanda ya sauka babu shi ana iya killace shi har kwana shida.

Dashen ƙoda ya fi komai tsauri. Dokar Indiya ta 1994 ta haramta cinikin sassan jiki, don haka da mai ba ka ƙoda za ka zo daga gida. Kwamiti zai zauna da ku, ya duba takardun haihuwa da na aure, hotunan iyali, takardar ofishin jakadancin ƙasarku, wani lokaci har da gwajin DNA. "Ɗan'uwana ne" irin tamu, wadda ta haɗa har da ɗan maƙwabci, ba ta wucewa a nan. Suna ya bambanta tsakanin fasfo da takardar haihuwa, Muhammadu a nan, Mamman a can, sai a yi ta zama ana wankin ƙoda ana biya.

Ƙiyasin kuɗi kuwa ƙiyasi ne. Ƙarin kwana a sashen kulawa ta musamman, jini, ko ƙwayar cuta bayan aiki duk suna ɗaga shi, kuma masauki da abinci ba sa ciki. A nemi lissafi dalla-dalla kowace rana, a biya a kantar asibiti da rasit, ba a hannun dillali ba.

Mai ciwon huhu ya guji Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da hayaƙi ke turnuƙe Delhi. Kafin sallama a karɓi cikakken rahoto, faifan hotuna da ainihin sunayen magunguna, wanda aka yi wa dashe kuma ya san likitan da zai ci gaba da auna tacrolimus a jini, wato maganin da ke hana jiki ƙin sashen da aka dasa, bayan an dawo gida.