Kana Mastas a Danfodiyo, Zuciyarka Na Son Kaki: Wace Ƙofa Za Ka Bi?

Duk lokacin da sojoji suka fitar da sanarwar ɗaukar hafsoshi, tambaya ɗaya ce ke yawo a tsakanin ɗaliban digiri na biyu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo: ko mutum zai iya haɗa biyun, yana horon soja yana kuma ci gaba da karatunsa? A Najeriya ba ya yiwuwa, kuma gara ka san haka tun kafin ka taɓa fom.

Abin da ke ruɗa wasu shi ne labarin Amurka da suke karantawa a intanet. Can suna da tsarin ROTC tun 1916. Ɗalibi yana zaune a jami'arsa, yana shiga aji kamar kowa, yana fita atisaye da sassafe, idan ya kammala digiri a ba shi muƙamin hafsa. Ɗan mastas ma yana shiga muddin yana da sauran shekara biyu a gabansa, sai ya je sansanin Fort Knox a lokacin hutu ya cike abin da ya wuce shi. Wannan tsari na 'yan ƙasarsu ne, mu ba mu da irinsa. Horon hafsoshi a nan na kwana ne. Idan ka shiga an rufe ƙofa ke nan, an aske kai, ana tashinka tun kafin kiran assalatu, kuma ba wanda zai sake ka ka dawo Sakkwato don ganin malamin da ke duba kundinka. Saboda haka abin da za ka zaɓa shi ne ƙofar da za ka bi da kuma lokacin da za ka bi ta.

Ƙofar da kowa ya fi sani ita ce kwas ɗin dindindin na NDA a Kaduna, makarantar horon hafsoshin soja da aka buɗe a 1964. Ta nan Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammadu Sa'ad Abubakar ya bi a 1975, ya fito hafsa a 1977, ya kai Birgediya Janar kafin a naɗa shi a 2006. Amma ƙofar waɗanda suka gama sakandare ce, ana shiga ta hanyar JAMB, kuma mai shirin mastas ya riga ya wuce shekarunta. NDA tana da makarantar digiri na biyu da na uku wadda farar hula ke shiga, sai dai takardar ilimi kawai za ka fito da ita, ba ta mai da kai soja. Na ga masu ɗaukar ta a matsayin gajeriyar hanya, kuma ba haka ba ne.

Saura ƙofofi biyu na masu digiri, su ne naka: SSC (Short Service Combatant) da DSSC (Direct Short Service Commission). Sunayen sun yi kama, rayuwar da ke bayansu kuwa ta sha bamban ƙwarai.

SSC ta sojan fagen daga ce. Ba a damu sosai da abin da ka karanta ba, tarihi ne ko kimiyyar siyasa ko noma, in dai kana da digiri ko babbar difiloma mai kyau da takardar bautar ƙasa. Horon ya fi tsawo da zafi, wata tara ko fiye, ka fito da anini ɗaya a kafaɗa, a ba ka ƙaramin ayarin sojoji ka jagoranta. Mu 'yan Sakkwato ba sai an bayyana mana ma'anar wannan ba. Hedikwatar Runduna ta 8 tana cikin garinmu, muna ganin motocinsu suna fita daga Barikin Giginya suna nufar Isa da Sabon Birni da Tangaza, kuma mun san abin da ake fuskanta a can. Wanda ya zaɓi SSC ya zaɓi wannan aikin ne, a nan ko a Borno ko duk inda aka tura shi, ba kuma shi ke zaɓen wurin ba. Mastas ɗinka ba zai ƙara maka anini ko ɗaya ranar fita ba. Iyakar shekaru ma a nan ta fi matsewa, a sanarwar da aka saba fitarwa tana tsayawa ne a 27.

DSSC kuwa sana'arka ake nema. Likitoci, ma'aikatan jinya, masu harhaɗa magunguna, injiniyoyi, lauyoyi, malaman makaranta, akantoci, masu ilimin kwamfuta da sadarwa, har da limamai a sashen harkokin addinin Musulunci, wanda ya kamata masu digirin Larabci da nazarin addini su lura da shi, don muna da su da yawa. Horon sojin ƙasa wajen wata shida ne, a NDA ko a Jaji, ka fito laftanar mai anini biyu. Shekarun da ake karɓa sun fi yalwa, suna kaiwa 30 ko ɗan sama da haka, ƙwararrun likitoci ma har 40. Sojin ruwa suna da tasu DSSC, horonsu a Onne ta jihar Ribas, sojin sama kuma a Kaduna. A nan ne ilimin da ka tara yake da amfani, domin aikin da ka karanta za ka yi: asibitin bariki, makarantar sojoji, ofishin shari'a. Kada dai a yaudare ka cewa mai DSSC ba ya zuwa daji. Likita da injiniya da mai sadarwa duk suna bin bataliya inda ta tafi. Abin da ka rasa shi ne manyan kujerun jagorancin yaƙi, waɗanda galibi na hafsoshin fagen daga ne.

A ganina, ga yawancin masu mastas DSSC ce ta dace, kuma dalilin ba tsoro ba ne. Mutumin da ya ba ilimin lantarki ko likitanci shekara shida ko bakwai na rayuwarsa, ƙasa ta fi cin moriyarsa idan ya shiga da wannan ilimin a hannu. Wanda kuwa tun yana yaro jagorantar sojoji yake so, kuma mastas ɗin zaman jiran aiki ne ya kai shi, ya bi SSC tun shekaru ba su kore shi ba.

Maganar shekarun nan ita ce ta fi damuna, don ita ke cinye mutane ba su ankara ba. Karatu yana jira, shekara ba ta jira. Mastas da aka rubuta wata goma sha takwas ko shekara biyu a takarda, kowa ya san yadda yake miƙewa: jiran malami ya karanta babi, jiran ranar kare kundi, jiran mai jarrabawa daga wata jami'a. A 2022 yajin aikin ASUU kaɗai ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Saurayi mai shekara 26 da ya ce bari in gama tukuna, yana iya karɓar sakamakonsa yana da 29, SSC ta rufe masa har abada. Don haka ka ɗauki takardar haihuwarka ka lissafa da kanka. In saura maka shekara ɗaya ko biyu kafin iyaka, ka nema yanzu. In kana da sarari kuma kana babin ƙarshe, ka ƙarasa, ba abin da ya kai ka bar aikin da ya kusa nuna.

Cike fom ma ba ya nufin barin makaranta. Daga buɗe shafi zuwa jarrabawa, zuwa tantancewa, zuwa fitar sunaye, watanni ne, kana iya cin jarrabawar zangonka a tsakani. Sai sunanka ya fito a jerin ƙarshe za ka rubuta takardar neman ɗage karatu, ta bi ta hannun shugaban sashe zuwa makarantar digiri na biyu. Ka je wurin malaminka da kanka kafin takardar ta isa gare shi, ka ce, "Malam, ga abin da ya taso, ina neman shawararka." Wanda ya ɓace ba sallama shi ne ke dawowa ya tarar an cire sunansa. Ka sani kuma ɗagewa tana da iyaka, kuma sabon laftanar ba shi da ikon lokacinsa. Hutun karatu a soja sai an ba ka, bayan ka yi shekaru kana aiki. Hafsa ba ya ajiye aiki yadda ma'aikacin banki ke yi, tafiya ba izini laifi ne da kotun soja ke hukuntawa.

Ranar tantancewa abubuwa ƙanana ke kayar da mutane. Za a tsayar da kai ba takalmi, da gajeren wando, a auna tsawonka: mita 1.68 ga namiji a sojin ƙasa, 1.65 ga mace, don mata ma ana ɗauka. A duba tafin ƙafa, gwiwoyi, ido, hawan jini, a sa ka gudu. Wanda ya shekara biyu a kan kujerar laburare ya fara fita gudu tun yau, da asuba kafin ranar Sakkwato ta buɗe. Sannan fayil: takardar firamare, ta sakandare, digiri, bautar ƙasa, shaidar ƙaramar hukuma. Idan a wata an rubuta Muhammad, a wata Mohammed, ko ranar haihuwar da ke WAEC ta saɓa da ta NIN, ka gyara tun yanzu. Ana raba guraben ne jiha-jiha, saboda haka da 'yan Sakkwato 'yan uwanka kake takara, kuma takardar ƙaramar hukumarka tana da nauyi.

Neman shiga sojin ƙasa kyauta ne a shafin rundunar. Duk wanda ya ce maka yana da hanya, ka turo kuɗi a sa sunanka, ɗan damfara ne, ko da ya turo maka hotonsa cikin kaki. Kafin ka kai ga cike fom ɗin ma, ka zauna da Baba da Inna, da maiɗakinka in kana da iyali, ka gaya musu gaskiyar wadda ka zaɓa a cikin biyun da inda za ta iya kai ka, don su ne za su riƙa jiran wayarka idan aka tura ka.