Wa za ka danƙa wa cinikin gidanka a Abuja?

Mai gidan da ya yi niyyar sayarwa a Kubwa ko Lugbe ko Gwarinpa yana da hanyoyi uku: ya tallata da kansa a Facebook da WhatsApp, ya ba dillalan unguwa cigiya, ko ya ɗauki ƙwararren mai kimanta kadarori da ke da rajista da ESVARBON, hukumar da ke yi wa masu wannan sana'a rajista, ya haɗa shi da lauya. Tallan intanet 'yan kallo yake tarawa, ba masu saye ba.

Ni hanya ta uku na fi amincewa da ita, domin mai saye a Abuja takarda yake dubawa kafin fenti. Lauya zai fara da binciken fayil ɗin gidan a AGIS, ofishin da ke ajiye bayanan filayen Abuja, ya tabbatar sunan da ke kan takardar mallaka naka ne, babu bashin harajin fili, kuma ba a jinginar da gidan a banki ba. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta wajabta samun amincewar hukuma kafin mallaka ta koma hannun wani, kuma a Abuja wannan amincewa ta Ministan Birnin Tarayya ce. Idan takardar ƙaramar hukuma ce kawai a hannunka, ka faɗa tun farko, domin mai saye da ya gano hakan da kansa ba ya dawowa. Gidan gado kuwa kada ya shiga kasuwa sai dukkan magada sun sa hannu. Shi mai kimantawa zai tsayar da farashi guda bisa cinikin da aka yi a kewayen, ya kuma nuna maka abin da ya kamata ka gyara, kamar yoyon rufi da bashin wuta.

Dillalai ne suka taɓa jawo mini asarar mai saye na kirki. Ka gaya wa mutum ɗaya, kafin mako ya zagayo gidan yana bakin mutanen da ba ka taɓa gani ba, kowa ya ɗora nasa, har mai saye ya ji farashi iri-iri ya ɗauka damfara ce. Idan dole sai da dillali, a rubuta la'adarsa da wanda zai biya ta.

Kada ka ba kowa asalin takardunka, kuma ko kwafi ne a ja layi a kansa, domin da irinsa ake sayar da gida mai shi bai sani ba. Kada ka sa hannu a takardar wakilci, wadda ke ba wani ikon yin ciniki a madadinka, saboda an ba ka kafin alkalami. Saƙon shigar kuɗi a waya ana ƙirƙirarsa, don haka ka tabbatar daga bankinka kafin ka miƙa makulli. Wanda ya nace sai ya biya tsaba, ka tuna masa cewa dokar hana halasta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum karɓar fiye da naira miliyan 5 a hannu ba ta banki ba.