Tsohon ɗan jaridan da ya wanke min suna a Garwa, da inda aikinsa ya gaza

Ni dai kilishi nake yi, gado ne, kuma tun lokacin CAN, wato gasar cin kofin ƙwallon Afirka, da aka buga a farkon 2022 da 'yan Najeriya suka cika Garwa kallon Super Eagles a filin Rumde Ajiya kasuwa ta buɗe min har na fara aika kwali-kwali Yaunde da Duwala ta ajans, wato kamfanonin motocin safa. To kwatsam wata safiya wata murya ta fara yawo a WhatsApp wai naman jaki muke saka wa mutane, ba suna ba hoto, kawai wata mata ce ke rantsuwa da Fulatanci. Kafin sati ya zagayo masu sari biyu sun ce in dakata tukun.

Ƙanin matata ne ya kai ni wurin wani dattijo da ya daɗe yana karanta labarai a rediyo, yanzu ya ajiye makirfo ya buɗe ɗan ofis yana gyara wa 'yan kasuwa da ƙungiyoyi hulɗarsu da jama'a. Na shiga da zafina, ni so nake a rubuta min raddi mai zafi in zagi maƙiya. Ya bar ni na gama kumfar baki sannan ya ce Alhaji, in ka maimaita kalmar jaki da bakinka to ka taya su talla ne, wanda bai ji ba ma yanzu zai ji. Wallahi maganar nan kaɗai ta ci rabin kuɗin da na biya.

Abin da ya yi shine ya sa muka tashi da asuba zuwa mayanka da mai kyamara, aka ɗauki shanun da muka saya, da tambarin likitan dabbobi a jikin naman, har zuwa inda yara ke feɗe shi suna shanyawa suna tsoma shi a labu. Ya kuma samo min minti goma a rediyo, Hausa da Fulatanci, ya zaunar da ni kwana biyu yana jefo min tambayoyi masu ciwo kamar ɗan sanda don kar in rikice in an buɗe layi. Nan fa ka san mutumin ya ci aikin jarida, ya san wa zai kira, ya san labarin da edita zai ɗauka da wanda zai jefa kwandon shara.

Amma fa akwai gyara. Mun yi ciniki jaka 150, na tura rabi ta Orange Money, sai daga baya maganar gombo ta taso, wato ɗan kuɗin mota da ake miƙa wa 'yan jaridan da suka zo, jaka 40 daban wanda bai faɗa min tun farko ba, ya ce ai kowa ya san haka ake yi a Kamaru. Ni ban sani ba malam, ni mahauci ne! Sannan kominiken da ya rubuta, wato sanarwar da ake raba wa 'yan jarida, Faransanci ne irin na 'yan boko, ko ɗana da ke lise, wato sakandare, sai da ya karanta sau biyu, masu sayen kilishina kuwa wa zai tsaya karanta wannan. TikTok da Facebook kam bai iya ba sam, bidiyon minti tara ya so a saka, ɗiyar yayata ce ta yanka shi ya koma minti ɗaya kuma shi ne ya zagaya gari.

Waya ma sai ka kira sau uku kafin ya ɗauka, in ya ɗauka kuma sai labarin zamanin Ahijo, shugaban Kamaru na farko.

Masu sarin nan ɗaya ya dawo, ɗayan har yau shiru. In wata ta sake tasowa, Allah ya kiyaye, zan koma wurinsa, amma sai ya rubuta min komai a takarda har da gombon, ɗiyar yayata kuma ita za ta riƙe wayar.