Gargaɗi ga masu son fara kiwon zuma: a kula da masu tallar "amya da ƙudanta"

Jama'a, akwai masu tallar amya a Facebook da WhatsApp da ya kamata a yi hattara da su. Za su nuna bidiyon akwati ƙudan zuma na ta shige da fice, su ce a tura kafin alƙalami, su aiko ta mota. Wasu da kuɗin ya shiga sai layi ya mutu. Waɗanda suka fi wayo kuwa suna aiko da akwatin, amma ba abin da aka yi ciniki a kai ba.

Dabarar mai sauƙi ce. Ana ajiye tsohuwar saƙar zuma ko ruwan sukari a cikin amyar da babu kowa, ƙudan unguwa su taru suna kwasa, a ɗauki bidiyo. Waɗannan baƙi ne, da rana ta faɗi kowa ya koma gidansu. Don haka a je gani da ido dab da magariba. Da rana kuma a tsaya a bakin ƙofa a lura: ƙudan da ke zaune a amya suna dawowa da garin fure a ƙafafunsu na baya, masu kwasar ganima ba sa kawo komai.

Ko an samu ƙuda a ciki, ciniki bai faɗa ba sai mai kaya ya sa hayaƙi ya ɗaga sandunan tsakiya, wato sandunan da ake jerawa a saman amya, ƙuda na gina saƙa a jikinsu. Abin nema shi ne ƙwai, farare ƙanana, ɗaya tak a gindin kowane ramin saƙa. Ƙwai kwana 3 yake yi kafin ya ƙyanƙyashe, saboda haka ganinsa shaida ce cewa sarauniya na nan. In aka ga biyu ko uku a rami ɗaya, wasu manne a jikin bango, ga rufin ramukan da 'ya'ya ke ciki ya yi tozo a warwatse, to babu sarauniya, ma'aikata ne ke zuba ƙwan da maza kaɗai zai fitar. Irin wannan amya cikin 'yan makonni za ta ƙare, domin ma'aikaciya ba ta wuce mako 6 a lokacin aiki. Wanda ya ƙi buɗewa, wai ƙudan za su fusata, a bar masa kayansa.

A tafi da awo. Faɗin sandar sama a amya samfurin Kenya milimita 32 zuwa 33 ne ga ƙudanmu na Afirka. In kafinta ya yi yadda ya ga dama, za su gina saƙa a gicciye ta haɗe sanduna, ba a ɗaga ɗaya sai an yaga sauran. Ɗanyen katako kuma yana tsagewa da hunturu, tururuwa da asu su samu hanya. Kakin da ake shafawa don jawo ƙuda ma ana cuɗa shi da kyandir. Na gaskiya yana ƙamshin zuma, in an karya shi cikinsa ba ya sheƙi.

Sai batun "ƙudan Turai marasa harbi, a ajiye a tsakar gida". Ƙudan Turai ma suna harbi, kuma abin da za a ba ka namu ne na gida, masu zafin kai. Marasa harbi da muke da su rakuwa ce, zumarta kaɗan ce ƙwarai. Wanda ya yarda da wannan magana ya kafa amya kusa da turken awaki ko wurin wasan yara, shi zai sha rigimar maƙwabta, mai tallar ya daɗe da ɓacewa. Haka alkawarin ɗiban zuma duk wata: a Arewa sau ɗaya ko biyu ake ɗiba a shekara, babban ɗiban kuwa da bazara, bayan ɗorawa da kaɗanya da mangwaro sun yi fure.

In an gamsu, a biya a wurin, a rufe ƙofar da raga bayan duhu ya yi, a ɗauka da dare a hankali, domin sabuwar saƙa na karyewa da zafi da gargadar hanya. Mai farawa dai ya fi masa arha ya sayi amya babu kowa, ya shafa kaki mai kyau a sanduna, ya rataye ta a inuwa ya jira ƙuda su shiga da kansu.